Idon Kalli na Hagu

A Shetimari, wajen 1955, lokacin da ganin lokotoro, wato likita, sai an ɗaura wa raƙumi sirdi zuwa Maine-Sorowa, Ya Fanna ce mai maganin ciwon ido. Kuma babu wadda ake gulma kamarta.

Sauran masu magani sukan daka 'ya'yan bagaruwa, su jiƙa da ruwan kogin Komadugu, su ba ka shi da kauri, baƙi ƙirin. Mutane sun yarda ƙarfin magani yana cikin kaurinsa. Ita kuwa sai ta tafasa ruwan sama da ta tara a tulu, ta jiƙa, ta bar shi kwana uku ya kwanta, ta tsiyaye na bisa, ta tace sau bakwai a farin alawayyo. Abin da ke shiga kwalba garau yake kamar shayi marar ƙarfi.

"Ruwa take sayar mana," in ji matan bakin rijiya. Wasu suka ce kwaikwayon Nasara take, don a ce ta waye. Ba ta taɓa tankawa ba. Gulmar ta fi mata sauƙi a kan gaskiyar.

Ɗanta Kalli ido ɗaya gare shi. Na hagun ya yi hakiya tun yana goye, kuma duk gari an san iskar kogi ce ta taɓa shi, don abin da uwarsa ta faɗa ke nan.

Da rani, idon Bintu, 'yar Kalli, ya kumbura, kwantsa ta liƙe shi. Ya Fanna ta jiƙa bagaruwa. A rana ta biyu sai ga Kalli da ƙwarya, ya karɓo mai kaurin daga wata tsohuwa a ƙetaren kogi.

"Ya, yarinya na kuka, ke kina gadin tulu kamar kaza a kan ƙwai."

"Ajiye ƙwaryar nan."

"Da shi aka yi wa kakanninmu."

"Ƙirga mini makafin cikinsu."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya durƙusa, ya tallafo kan yarinyar. Sai Ya Fanna ta riƙe masa wuyan hannu. Ta tsoma yatsa har gindin ƙwaryar, ta goga masa a tafi.

"Murza."

Ya murza. Yashi ne da tsakin ɓawo.

"Ba iska ba ce ta ci idonka, Kalli. Wannan ne. Da hannuna na ɗiga maka, safe da yamma, kana ihu ina cewa magani ne ke aiki. Shekara talatin ina tace abin da ya kamata in tace rannan."

Ya daɗe yana kallonta da idon da ta bar masa. Bai ce ya yafe ba, ita ma ba ta roƙa ba. Ya tashi ya kifar da ƙwaryar a gindin danga.

Washegari shi ya riƙe mata bakin alawayyon, ya ja shi tamau. A tata ta biyar ya ce ai ya yi garau.

"Saura biyu," ta ce.

Kwana shida Bintu ta buɗe ido, duka biyun, ta ce Kaka ta tsufa. Kalli bai ƙara cin tuwo a ɗakin uwarsa ba sai da kogi ya sake kawo ruwa. Amma duk ranar tata, yana nan da alawayyo a hannu.