Tayoyin Barnabas a Kan Sikeli

Mota ɗaya ce tal a ɓangarenmu na tsibirin Gaua, kuma ta Barnabas ce. Ita ke kai busasshiyar kwakwa bakin teku, ita ke kai mara lafiya asibitin da ke ɗaya gefen, tafiyar yini guda a ƙafa. Barnabas ƙato ne na gaske, in ya shiga sai motar ta karkata. Yayata Roslin yake aure, shi ya sa nake tsokanarsa yadda na ga dama.

Cikin Roslin na wata tara duwatsun hanya suka yage masa tayoyin baya duka biyu. Ga shi nas ta riga ta ja masa kunne: jaririn a gicciye yake, naƙuda na farawa a kawo ta. Ya ɗora motar a kan kututture, ya bi jirgin sama zuwa Santo, babban tsibirin da ake samun taya.

Mai shago ya mirgino masa iri biyu. "Wannan ba ta da nauyi. Wannan kuma mai kauri ce, amma ta ninka waccan nauyi."

"Nauyin me? Ni zan goya ta ko mota?" in ji Barnabas. "Ba ni mai kaurin, dutse muke takawa."

Ya manta jirginmu ɗan mitsitsi ne, mutum takwas yake ci, kuma sai an auna kowa da kayansa. Matar da ke kula da sikeli ta duba, ta sake dubawa.

"Kawu, kun yi yawa. Ko kai, ko su."

"'Yata, ki dubi Allah, matata haihuwa yau ko gobe!"

"Da marasa nauyin ne da na lallaɓa. Kilo ashirin da shida kuka haura, matuƙi ba zai tashi ba."

Babu lokacin komawa shago, wani jirgin kuma sai mako mai zuwa. Barnabas, wanda ban taɓa jin ya roƙi kowa ba, ya bi fasinjoji ɗaya ɗaya. Wata tsohuwa ta ajiye shinkafarta, wani malamin makaranta ya bar littattafansa. Shi ma ya cire takalmi da riga. Saura kilo tara, aka rasa abin ragewa.

Ya kira ni a waya. "Auta, ka tare tayoyin a filin jirgi. Ka ɗaure noti da kyau."

"Kai fa, sarkin ƙiba?"

"A kujerata suke zaune."

Kwana biyu tsakani naƙuda ta zo, ni na tuƙa. Mun isa asibiti, yarinya ta fito da rai. Roslin kuwa jini ya ɓalle mata. Tana ta tambayata ko jirgi ya sauka, ina ce mata yana hanya. Ƙarya nake yi, ruwa ya cinye filin, kwana goma sha shida jirgi bai sauka ba. Da Barnabas ya dawo, ya tarar da kabarinta har ciyawa ta tsiro. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, na rasa wa zan zaga.

Yarinyar shekararta shida yanzu. Tun daga nan marasa nauyin kawai Barnabas ke saye. Duk bayan 'yan watanni sai su yage, ka gan shi durƙushe a gefen hanya yana faci, gumi na zuba. Kowa ya san ba su dace da hanyarmu ba. Duk iya bakina, ban taɓa iya gaya masa ba.