Sharar Birni a Gonar Baba

Da hannunsa Baba ya tsayar da tifar farko, ina tsaye a gefensa. A wajenmu, can bayan Ungogo, haka muka tashi muka ga ana yi: kafin damina manomi ya tare direban da ya kwaso sharar birni, ya roƙe shi ya juye masa a gona. Toka ce da kashin awaki da ruɓaɓɓen ganye. A baza, ruwa ya sauka, dawa ta yi kore shar.

Ashe shara ta canja, mu muna nan ba labari. Da muka sa shebur a tulin, leda ce zalla, sai kunzugun yara da fasassun kwalabe. Direbobi kuwa sun ga wuri. Kullum sai biyu ko uku sun juye sun wuce, ko sallama babu, mun hana sun ƙi.

Ni ne ɗan bokon gidan, ni aka ɗora wa kai kuka. A sakatariyar ƙaramar hukuma, jami'in tsafta ya karanta takardata ya miƙo min. "Malam, sharar birni ce, motocin ma ba namu ba ne." Na hau a-daidaita-sahu na nufi ofishin shara na birni. Na can ko ɗagowa bai yi ba. "Gonar a ƙasar wa take? To ka koma can." Kai! Na yi ta zarya har masu gadi suka daina tambayata wurin wa na zo. Daga ƙarshe aka ce ɓangarorin biyu za su zauna. Har yau suna neman kujerar zaman.

Ruwa ya sauka. Garma duk inda ta shiga sai ta tono leda. Baba, da tsufansa, yana durƙushe yana tsinta buhu-buhu, kwalba ta tsaga masa tafin hannu, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Dawa ta fito ja-ja, ta tsaya iya gwiwa. Wallahi na tsani ganin gonar nan.

Gonar da take cika mana rumbu, a bayan babur ɗaya muka ɗauko amfaninta. Raina ya ɓaci, na shiga tsine wa ofisoshin nan ɗaya bayan ɗaya.

Baba yana kallon tabon hannunsa ya ce, "Bar su haka. Ni na ɗaga musu hannu."

Bai sake taka gonar ba har ya rasu.