Matar da Ta Tuna Inda Aka Fara Zama

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakin ƙarshe na ofishin filaye, wanda ko masinja ba ya son a aike shi ciki saboda warin tsohuwar takarda. Ta buɗe taga, ta duba ƙafafun kabad ko gara ta yi gini, sannan ta jawo faffaɗan durowoyin nan ɗaya bayan ɗaya tana share taswirori da ɗan burushi mai laushi. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan. Abokan aiki suna ce mata Uwar Taswira, masu tsiya a cikinsu kuma Kishiyar Gara, duk tana amsawa.

Ran Asabar, lokacin da kowa ke miƙe ƙafa a gida, ita motar ƙauye take hawa da kwafin taswira a naɗe cikin jaka. Ta sami tsohon da ya fi kowa tsufa, ta zauna ta yi ta tono: ina kakanku ya fara kafa bukka, ina suke ɗibar ruwa, me ya tashe su daga can? Abin da aka gaya mata ta rubuta da fensir a gefen taswira. Da haka ta san wane gari ne ya fara zama a gindin dutse, wane ne ya biyo rafi, wane ne annobar shanu ta kora gabas. Ba wanda ya sa ta, kuma ba wanda ya taɓa ce mata sannu.

Sai shekarar da ƙauyen yayarta ya rasa ruwa. An kawo motar haƙa, an yi rami uku a bakin titi inda gidaje suke, ba abin da ya fito sai ƙura. Rami ɗaya ya rage a tafi da motar wani yanki, kuma gida goma sha biyu sun riga sun ce in wannan ma ya ƙi, tashi za su yi.

Yayar ta zo har ofis, ta zauna a kan benci ko gaisuwar kirki babu.

“Ke da kike kwana kina tashi da takardun ƙasar nan, ba ki da abin cewa?”

“Ina da shi, Yaya. Ban san ko za su ji ba.”

Washegari ta shimfiɗa wa injiniyan da ke kula da haƙar tsohuwar taswira a kan bonet ɗin motarsa. Ta nuna masa wata 'yar da'ira da gara ta ci rabinta, a kwarin bayan tudu, tafiyar minti ashirin daga gari. Kusa da ita akwai rubutunta na shekara ashirin da suka wuce, maganar wata tsohuwa da ta ce kakarta a gindin tsamiya uku take ɗibar ruwa.

“Mama, can ai daji ne, ba kowa,” in ji injiniyan.

“Yanzu ne ba kowa, ɗana. Can aka fara zama. Da aka yi titi ne gari ya taso ya biyo mota, ya bar ruwansa a baya. Mutanen farko ba su da injin haƙa, ba za su zauna inda babu ruwa ba.”

Ya sosa ƙeya. Ta ce ya kai na'urarsa ta neman ruwa can, in ta ƙaryata ta, za ta naɗe takardarta ta tafi. Suka kutsa cikin ƙaya. Tsamiya biyu na nan, ta ukun sai kututture, ga kuma fasassun tukwane da rabin dutsen niƙa a ƙasa. Na'urar ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Injiniyan ya dube ta ya ce ramin ƙarshe ne fa. Ta ce ta sani.

Kwana biyu injin yana cin dutse yana tofar da ƙura. Tsoro ya kama Uwar Taswira sosai. Yayar ta raɗa mata cewa in ƙura ce kuma, ita da ta nuna wurin ce za ta tsaya gaban mutane ta ce su ɗaure kaya. Ta ce ta yarda. Rana ta uku da hantsi ƙurar ta yi duhu, ta koma taɓo, sannan ruwa ya yi tsiri ya jiƙa kowa har da taswirar da ke hannunta. Ita kuwa takardar ta fara ɓoyewa cikin mayafi kafin ta fashe da kuka.

Uwar Taswira, ke ce kika ɗauki hirar tsofaffi da muhimmanci lokacin da mu abokan aikinki muke ce mata surutu. Ke ce kika hana gara cinye mana tarihi. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Mu kuma da muka rage, wanda yake da tsoho a gida ya zauna ya tambaye shi tun yana iya ba da amsa, ya kuma rubuta.

Makon jiya ta ajiye aiki. Aka yi jawabai, aka ba ta agogon bango. Ana shirin tashi sai ga yayar ta shigo da gora a hannu, ta tsiyaya mata ruwa a kofi.

“Sha. Daga gida goma sha biyu ne, sun ce a gaya miki suna nan.”