Minti Biyar ɗin da Na Roƙi Yaya Munzali

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Munzali, kuma har yau zuciyata ba ta huce ba.

A Riyad aka haife mu, a unguwar Suwaidi, mahaifiyarmu tana aikin jinya. Shi ya fara kai ni filin ƙanƙara, ya ɗaura mini takalmin zamiya, ya sake ni na sha ƙasa. Daga nan muka shiga wasan hoki, shi ɗan gaba, ni mai tsaron raga. Hausawan unguwar Manfuha har dariya suke yi mana, wai duk zafin garin nan mu sanyi muka je nema. Ba mu kula su ba, har ƙungiyarmu ta fara fita da mu gasa a ƙasashen waje.

A irin wannan tafiyar ne, ana wasan ƙarshe, wani ɗan wasa ya haɗa kan Yaya da katangar filin. Ya miƙe yana layi. Likitar gasar ta ce a fitar da shi. Kocinmu ya daki hular kwanon Yaya ya ce da Larabci, "Ma fi mushkila. Yalla, koma!" Wato ba matsala, maza ya koma wasa.

Kafin a ci gaba ya zo bakin ragata ya ce, "Sadiƙu, komai bibbiyu nake gani."

Na ce, "Yaya, minti biyar ya rage. Daure."

Ya daure, muka ɗauki kofi. Kwana biyu da dawowarmu ya yanke jiki ya faɗi a gaban Umma. Ashe jini ne yake taruwa a kansa.

Shugabannin ƙungiya suka zo ta'aziyya, suka ce ƙaddara ce. Ni Musulmi ne, na yarda da ƙaddara. Amma ba ƙaddara ce ta ƙi jin maganar likita ba, mutum ne, kuma na san sunansa. Na yi shiru saboda ƙungiyar ce kafil ɗina, wato mai tsaya mini a ƙasar, iƙamata ta izinin zama tana hannunsu.

Yanzu wannan kocin shi ake gayyata ya yi wa matasa lacca kan kare lafiyar ɗan wasa. Na saurare shi sau ɗaya, ko sunan Munzali bai ambata ba. Da Yaya yana raye, na san dariya zai yi ya ce gara da suka koya. Ni ban kai shi haƙuri ba.

Me ya rage nasa? Sandarsa ta hoki tana ɗakin Umma. Waɗanda ya koya wa tsayuwa a kan ƙanƙara yau su ne manyan 'yan wasa, kuma idan ɗayansu ya bugu a kai, da kansu suke janye shi, ko koci ya so ko ya ƙi.

Sai kuma ni. Shekara shida ina zagin koci a gaban Umma, ban taɓa gaya mata abin da na ce wa ɗanta a bakin raga ba. Tana karanta jaridar nan. Umma, ga shi kin ji.