Garwashin Muliya

A ƙauyenmu na Bukodol, can saman duwatsun Bosniya, in kana son ka yi wa mutum zagin da ba zai yafe ba, ba sai ka taɓa iyayensa ba. Ce masa kawai murhun gidansu ya mutu. Shi ke nan ka gama da shi, don ka ce gidan ya ƙare ke nan, babu sauran mai hura wuta a ciki. Yaran yanzu a baki kawai suke faɗa. Muliya kuwa da gaske ta ɗauki maganar, tun tana amarya har furfura ta cika mata kai.

Ranar da aka kawo ta gidan mijinta Abdo, surukarta Zeyna ba ta nuna mata ɗaki ba, ba ta nuna mata rijiya ba. Hannunta ta kama ta kai ta bakin murhu, ƙaton rami na dutse a jikin bango, tukunya na reto a sarƙa, sama kuma baƙi ƙirin da kunkunniya.

"'Yata," in ji Zeyna, "wannan wutar ni ma haka na tarar da ita. Ashana ba ta taɓa kusantar ta ba. Da yamma ki binne garwashi a toka, da safe ki tone ki hura. Kome za ki manta a gidan nan ki manta, ban da wannan."

Ta kuwa manta abubuwa da yawa, don Muliya irin matan nan ce masu tafiya suna zaune. Sai ta ɗora madara ta zuba wa wuta ido, madarar ta tafasa ta zube, ita tana can wata duniya. Abdo yakan ce, "To, hajiyar mafarki, yau kuma ina aka je?" Sai ta yi murmushi ta ce babu nisa. Da Zeyna ta rasu, Muliya ta ce tana ganin ta a cikin garwashi, zaune da ɗankwalinta mai fure, tana duba ko an share toka. Da Abdo ya bi bayan uwarsa, shi ma ya samu wuri a can, ɗan gefe, inda itace ke yin ja kafin ya karye. Ba ta taɓa ɓoye wa kowa wannan ba, mu ma ba mu taɓa ce mata ƙarya take ba.

A shekarun yaƙi, da garin ya watse muka shiga daji, kowa ya ɗauki abin da ya fi so, wani bargo, wani akuya. Muliya kaskon yumɓu ta runguma, cike da toka, garwashi a tsakiya. Wayyo, irin faɗan da ta sha! Maza suna cewa hayaƙinta zai tona mana asiri, ita kuwa ta shige bayan dutse tana ciyar da abarta da ƙananan ƙirare. Da muka dawo, kowane murhu a garin ya yi sanyi. Su masu faɗan nan su ne suka fara zuwa ƙofarta da shebur neman wuta, suna sunkuyar da kai. Wadda ta zo ƙarshe ita ce Behka, maƙwabciyarta ta gangare, wadda ta shiga daji da ɗanta Nedim ta fito ita kaɗai. Ba ta ko yi sallama ba. Muliya ta zuba mata garwashi, ta ce, "Riƙe wannan."

Kada ka ɗauka daga nan suka zama aminai. Ina! Shekara da shekaru suna faɗa a kan kaji da shinge da wadda akuyarta ta ci kabejin 'yar uwarta. Behka mashayiyar taba ce, kullum kwalin ashana na ƙara a aljihun zanen aikinta, Muliya kuwa ba ta da sunan da take kiranta sai Mai Ashana. Mutane suka yi ta sauka birni, masu mutuwa suka mutu, har ya zama hayaƙi biyu kaɗai ke tashi a Bukodol da safe, na sama da na gangare.

Sai tari ya kama Muliya. Ɗanta Sakib, da ke aiki a birni, ya hau dutse wata kaka ya tarar da ita cikin hayaƙi tana tari har da riƙe bango.

"Inna, likita ya ce hayaƙin nan ne ke cin ƙirjinki. Ga shi zafin duk sama yake tafiya, gabanki na gasuwa bayanki na daskarewa. Ko a sa miki murhun ƙarfe a ramin nan, ko ki bi ni birni kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Zaɓi ɗaya."

"Birni? In je in zauna a saman kan mutane ina kallon bango?"

"To murhun ƙarfe ke nan."

Ta daɗe tana kallon wuta, kamar mai neman shawara. Can ta ce, "A sa. Amma wutar nan ce za ta shiga cikinsa, ba wata ba. Ran da ta mutu, ka zo da motarka, babu abin da ya rage mini a nan."

Sakib ya yi dariya ya ce ya ji. Bai san da gaske take ba, alhali shi ya kamata ya fi kowa sani.

Mai aikin, Ragib, ya zo da safiyar wata Asabar, mutum mai ƙiba da fara'a, bakinsa ba ya hutawa. Shi da Sakib suka sauke murhun suna nishi, baƙi, mai ƙafa huɗu, da 'yar ƙofar gilashi a gaba. Ragib ya leƙa ramin ya yi fito.

"Iya, wannan ai ɗaki ne, a sa gado kawai! Sai dai fa a kwashe wutar nan kaf, dutsen ya huce. Siminti kuma sai ya kwana ya sha iska. Gobe da safe a kunna."

"Ba a kunnawa," in ji Muliya. "Hurawa ake yi."

"Duk ɗaya ne, Iya."

Muliya ta miƙe. Ta ɗauko tsohon kaskon nan na daji, ta zaɓi garwashi manya, ta binne su a toka da kyau, ta kai kan dutsen da ke gindin bishiyar goro ta Turawa a tsakar gida, ta zauna kusa a kan benci.

Daga nan take jin aikin. Ragib ya hau rufi ya zura tsintsiya mai igiya, kunkunniyar kaka da kakanni ta zubo ɗaki buhu-buhu, har da tsohuwar sheƙar tsattsewa. Ya sauko ya toshe bakin sama da farantin ƙarfe, ya bar rami daidai bututu, ya jera bulo a ƙasa don murhun ya zauna daram. Da ya kwance sarƙar tukunya, ƙararta ta iso har tsakar gida. Muliya ta kau da kai.

Ranar kaka ce mai daɗi, irin wadda ke lallashin ƙashin tsoho. Ganye na faɗowa ɗaya-ɗaya. Ta ɗora tafin hannu a jikin kaskon, ɗuminsa ya bi hannunta ya hau. Sai ga ta amarya, hannunta cikin na Zeyna. Sai ga Abdo ya shigo da ƙanƙara a gashin baki yana neman a gasa masa masara. Sai ga daji, itatuwa dogaye, kowa na raɗa, ita tana tafe da kasko, amma bai da nauyi ko kaɗan, shi ne ma yake jan ta sama, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa, tana ganin rufin gidajen Bukodol duka, kowanne da hayaƙinsa, har gidajen da suka rushe tuntuni. Barci ya yi gaba da ita.

Mu kuwa a nan, ma'aikaci ba ya wuni babu gahawa. Sakib ya sauka gari sayo guntun bututu, Ragib ya fito da azahar yana kakkaɓe jiki, ya ga kasko da ɗumi. Wallahi ba da mugunta ba. Ya ce a ransa, gahawar garwashi, rabonsa da ita tun yana yaro! Ya ɗauko 'yar butar, ya buɗe tokar, ya baje garwashin, ya dafa. Ya sha nasa, ya zuba wa tsohuwa nata ya ajiye a gefenta a hankali don kada ya tashe ta, ya koma aiki yana waƙa. Iskar dutse ta zo ta ƙarasa sauran.

Sai da la'asar ta farka. Ga gahawa ta yi sanyi a gefenta, ga kasko a buɗe, toka fara fat. Ta sa yatsu ta tona har ƙasa. Ta durƙusa ta hura, ta hura, toka ta cika mata fuska. Babu ko ɗigon ja.

Ragib ya fito ya ga haka, ya ce, "Haba Iya, don wannan? Ga ashana a mota." Sakib, da ya dawo a lokacin, ya dalla masa harara, sai mutumin ya gane ya yi ɓarna, ya tsaya yana murza hula yana ba da haƙuri.

"Ba laifinka ba ne, ɗana," in ji ta. "Ni aka ba wa, ni na yi barci." Ta juya ga Sakib. "Gobe sai mu tafi."

"Inna, wuta ce fa kawai."

"Na sani."

Washegari murhun ya tsaya a ramin tsaf, bututu a miƙe, siminti ya bushe, Sakib ya jera itace a ciki ko za ta sake shawara. Ita kuwa tana zaune a gabansa da ƙullin kayanta a cinya. Ba ta yi kuka ba, amma duk wanda ya gan ta ya san gidan Abdo ya mutu a ranta.

Sai aka ji tari da masifa daga gangare. Behka ce ke hawowa, taba a baki, shebur a hannu, hayaƙi na bin ta.

"Ke uwar mafarki! Na duba sama ban ga hayaƙi ba, na ce ko kin mutu in huta. Sai wancan mai tumbin ya tsaya a ƙofata yana ba ni labari. Matsa, buɗe mini akwatin nan."

Muliya ba ta motsa ba. "Na gode, Behka. Amma wutar ashana ba za ta shiga gidan nan ba."

"Ashana ta taba ce, ke mai sa ido! Shekara nawa kina zagina a kanta?" Behka ta tofar da guntun tabar. Muryarta ta sauko. "Wutarki ce wannan. Ranar da na dawo ba Nedim, kika ce in riƙe. Ba ni da abin riƙewa, sai na riƙe. Ko sau ɗaya ba ta mutu ba."

Muliya ta kalle ta, ta kalli garwashin da ke numfashi a kan shebur. Ta sauke ƙullin daga cinya, ta durƙusa ta buɗe 'yar ƙofar gilashin. Behka ta zuba, ita ta hura. Ƙirare suka kama, bututu ya ja iska da wani gurnani mai taushi, hayaƙi ko kaɗan bai shigo ɗaki ba. Muliya ta rufe, ta kanga fuska da gilashin ta daɗe.

"Sun ɗan matsu," ta ce, "amma kowa ya zo." Ta jawo hannun Behka. "Matso ki gani. Akwai wani yaro a gefen Abdo."

Behka ba ta matsa ba. Ta zauna daɓas a kan benci, ta goge ido da bakin zane.

"Ba sai na leƙa ba," ta ce. "Kullum da safe ina ganinsa a nawa."