Takalman Gwaggo

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ta riƙe ni tun ina ƙarama a wani ƙauye kusa da Birnin Tsaba. Mace ce mai tsabta har ta yi yawa. Duk wanda ya taka mata tabarma da takalmi, ranar sai kunnensa ya yi zafi.

Bayan kaka ne 'yan bindiga suka shiga ƙauyen da hantsi. Ni ina gidan aurena a Ƙaura Namoda. Kwana biyu ba mu san inda take ba, a na uku wani mai babur ya sauke ta a ƙofar gidanmu, ƙafafunta naɗe da tsummoki. Ashe barkar haihuwa ta shiga yi a gidan maƙwabta, ta tuɓe takalmi a bakin ɗaki, sai harbi ya tashi. Haka ta keta gonakin dawa da aka girbe, kututturen kara yana tsaga mata tafin ƙafa, har Zurmi.

Muka kai ta asibiti, raunin ya warke cikin wata guda. Maigidana ya sayo mata takalman roba masu rufe ƙafa, kuma tun ranar da ta saka su ba ta yarda ta rabu da su ba. Da su take zama, da su take kwanciya. In za ta yi alwala sai ta cire ɗaya, ta wanke ƙafa, ta mayar, sannan ta cire ɗayan. Ba ta zama sai inda take ganin ƙofa. In babura uku suka wuce a jere, duk abin da ke hannunta sai ya faɗi.

Ba zan ɓoye ba, ni ma na yi mata faɗa. Na ce, "Haba Gwaggo, nan hwa gida ne. Cire su ki sha iska."

Ta dube ni ta ce, "Can ma gida nike, ɗiyata."

Ranar da na mayar da ita asibiti a duba ƙafar, na ja wata nas gefe na faɗa mata komai, na tambaye ta ko hauka ne. Ta ce ba hauka ba ne. Ta ce wanda ya ga mutuwa kusa, wani lokaci jikinsa ba ya yarda cewa abin ya wuce, sai ya zauna cikin shirin gudu ko da hankalinsa ya san yana cikin aminci. Ta ce kada in tilasta mata ba da labari, kada a taɓa ta ta baya, kada a raba ta da takalman. In abin ya taso, in zauna a gabanta, in kira ta, in faɗa mata inda take da ranar da muke ciki. Ta kuma sa mana ranar ganin likita. Na je wurin malamin unguwarmu kan maganar salla, ya ce muddin takalman suna da tsarki sallarta ta yi, mu dai ci gaba da addu'a da magani.

Bayan wata biyu aka yi suna a gidan yayar maigidana. Da ƙyar na shawo kan Gwaggo ta raka ni, don nas ta ce zaman kaɗaici ba zai taimake ta ba. Ɗaki cike da mata, takalma jibge a ƙofa. Ni na tsaya ina tuɓe nawa, Gwaggo kuwa ta yi sallama ta shige da nata, ta sami wuri kusa da ƙofa ta zauna.

Mata suka bi ƙafarta da kallo. Sai yayar maigidana ta ɗaga murya: "Wagga tsohuwa mi ke damunta? Ai tun tuni munka ce iskoki na. A kai ta inda za a ɗaure ta a yi mata hayaƙi, kun ƙiya."

Kafin in yi magana, wata mata ta sunkuyo ta bayan Gwaggo ta kama takalminta za ta zare. Gwaggo ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, ta dunƙule a jikin bango tana rawar jiki. Wasu suka ja baya suna neman tsari. Na ji wata tana dariya ƙasa-ƙasa.

Na mayar da takalmana ƙafata. Na taka ledar ɗakin da su, na ratsa mata har gaban Gwaggo, na durƙusa. Na ce, "Gwaggo, ni ce. Ƙaura muke, gidan suna. Yau Lahadi. Takalmanki na ƙafarki, ba mai taɓa su." Na yi ta maimaitawa har numfashinta ya daidaita, ta kama hannuna.

Sannan na juya. Ban taɓa ɗaga ido na kalli yayar maigidana ba sai ranar. Na ce, "Yaya, leda dai a wanke ta, ni zan wanke. Amma matar nan ba wanda zai ɗaure ta ina raye. Daga daji ta tsira da ƙafarta, ba za ta zo cikin dangi a sa mata igiya ba."

Ta ce, "Ni kike faɗa ma haka cikin ɗakina?"

Na ce, "Ke, Yaya, da duk wadda ta yi dariya."

Ba mu tashi nan take ba. Sai da Gwaggo ta sha ruwa, ta karɓi jaririn ta yi masa addu'a, sannan muka fita.

Washegari maigidana ya ce in je in ba yayarsa haƙuri. Na je da bokiti da tsumma na wanke ledar tas, na ba ta haƙurin ɗaga murya. Ta ce in ƙara da cewa Gwaggo ta yi rashin kunya. Na ce wannan kam ba za ta ji shi daga bakina ba. Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kuma ban yi nadama ba.

Gwaggo ba ta warke dare ɗaya ba, ban ma san ko warkewa ake kiransa ba. Muna zuwa wurin likita. Wata rana muna ɓarar gyaɗa ta fara ba ni labarin maƙwabciyarta da suka fito tare, wadda ba ta iso Zurmi ba. Na bar ta ta tsaya inda ta ga dama.

Da damina ta kama ta koma sana'arta ta ƙuli-ƙuli. Ranar farko da ta ce za ta kai kasuwa da kanta, a rabin hanya ta juyo, ta ajiye tiren ta shige ɗaki. Mako na gaba ta sake ɗauka. Na yi mayafi zan bi ta, ta ce in koma in dora girki, ita ba yarinya ba ce. Na koma. Sai bayan la'asar ta dawo, tana mitar cewa mutanen Ƙaura ba su san ƙuli mai kyau ba.