Tabar Mushe da Ƙirjin Inna

Shekarun baya can, wajen ƙarshen shekarun tamanin, ni da mahaifiyata mun yi zaman gidan haya a Madawa. Daga ƙauyenmu na wajen Bangi muka taso, kuma ciwon fuka ne ya taso da mu. A ƙauye in ciwon ya motsa mata sai an nemo amalanken jaki, kafin a kai ta inda allura take ta gama galabaita. Yayana da ke ci-rani a Abijan ya aiko a kama mana ɗaki kusa da asibiti, ya ce mu zauna nan har Allah Ya kawo sauƙi.

Gidan ɗakuna ne a jere ƙarƙashin rufin kwano ɗaya. Bangon da ya raba ɗaki da ɗaki bai kai rufi ba, an bar kafa a sama wadda kyanwa ke bi ta zaga gidan duka ba ta taka ƙasa ba. Ta nan komai ke ƙetarawa: tari, rediyo, ƙamshin miya, faɗan miji da mata. Mai gidan wani dattijo ne ɗan kasuwar albasa, yana da dokokinsa. Ba a ɗaure akuya a tsakar gida, ba a daka lokacin da yake ƙailula. Taba kam ba ta cikin doka. A wancan zamani a mota ana sha, a ofis ana sha, ba wanda ke ganin abin magana ne.

Bayan bangonmu wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ne ke zaune shi kaɗai. Kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malaman boko a can da bakin Faransanci. Dogo ne, riga kullum a goge, yana da ɗan babur mobilet, yana da rediyo, kuma taba ba ta barin yatsunsa.

Ni kuwa lokacin budurwa ce. Aikina saƙar tabarma, abincin raina kuma littattafan soyayya da wata ƙawata ke ara mini, waɗanda yayanta ke sayowa in ya je Kano. Na koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, kuma da shi na ɓata kaina. Duk saurayin da na karanta sai in sa masa fuskar Mushe. In hayaƙinsa ya gangaro ta saman bango da la'asar, shuɗi-shuɗi cikin hasken da ke shigowa ta taga, sai in ajiye kaba in lumshe ido. A ganina ƙamshin birni ne, ƙamshin mutumin da ya san duniya. Ban taɓa ce masa komai ba bayan ina kwana, amma a zuci na shirya maganar da zan fara yi masa, na gyara ta ya fi a ƙirga. Har da wata da taurari a ciki.

Ina can ina lumshe ido, mahaifiyata tana gefe tana neman numfashi.

Da farko ba mu haɗa abin da taba ba. Sai muka lura ranar da Mushe ya yi tafiya takan wuni garau, har ta taya ni rina kaba. Ranar da ya wuni a ɗaki kuwa ƙirjinta sai ya riƙa kuka kamar an danne ɗan tsako. Na hau turmi na cusa tsofaffin tabarmi da tsummoki a kafar. Hayaƙin ya bi ta ramukan kwano ya shigo abinsa. Muka je wurin mai gida. Ya saurare mu yana sosa gemu, sannan ya ce, "To mi zan ce mishi? Ma'aikacin gwamnati na. Ɗakinai na, tabatai ta. Ku yi haƙuri dai."

Da muka dawo ɗaki mahaifiyata ta zauna bakin gado ta ce, "In damana ta wuce mu koma gida. Na zo kusa ga likita in samu lahiya, ga ni kullum cikin hayaƙi." Na san abin da komawar ke nufi. Amalanke ne da doguwar hanya, da addu'ar Allah Ya sa a isa da ita da rai.

Ana nan, wata safiya Mushe ya yi baƙo, muka ji suna ta hira da wani yare ta saman bango. Mahaifiyata ta kasa kunne.

"Ke, wane yare na wanga?"

"Zabarmanci na, Inna."

Ta miƙe zaune kamar ba ita ce ta kwana tana tari ba. "Bazabarme? Ashe bawana na ka son kashe ni!"

Mahaifiyata Bagobira ce, da zanenta a kumatu har zuwa kunne. Tsakanin Gobirawa da Zabarmawa kuwa akwai wasa tun na kakanni. Kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, a yi zagi, a yi ƙwace, ba mai fushi. Abin da mai gida ya ji tsoron faɗa wa ma'aikacin gwamnati, ita tana da ikon faɗarsa a gaban kowa.

Ranar Lahadi Mushe na tsakar gida yana wanke mobilet, taba a baki, mata na ta aikace-aikacensu. Mahaifiyata ta yafa mayafi ta nufe shi kai tsaye, ta sa hannu a aljihun rigarsa ta zare kwalin tabar. Mata suka ajiye aiki suka zuba ido. Ni kam na so ƙasa ta tsage in shige.

"Kai bawa, ɗan cin kopto," in ji ta, tana yi masa gorin kwaɗon ganyen da aka san su da shi, "wa ya ba ka izinin hura wuta bisa kan uwargijiyarka?"

Ya ɗago a fusace. Da idonsa ya sauka kan zanen fuskarta sai ya fashe da dariya har tabar ta faɗi cikin bokiti.

"A'a! Ashe Bagobira aka ajiye mini a bayan bango! Shi ya sa ba na barci. Tsohuwa, wace kyanwa ce ta yi miki wannan aiki a fuska?"

"Wadda ta kori kakanka ya faɗa kogi. Ka ji ni da kyau, tabar ga taka tana kashe ni. Ƙirjina ba shi ɗauka."

"Hayaƙi ya kashe Bagobira? Ku da ko yaƙi bai kashe ku ba? Ki riƙe kwalin, sadaka na ba baiwata."

Gida ya ɗauki shewa. Da yamma ya aiko mata da goro da sukari. Ya kuma sayo wani kwalin.

Daga ranar suka zama abokai. Da safe ta saman bango zai ce, "Baiwata ta tashi?" ita kuma ta ce, "Na tashi, bawa, zo ka share mini ƙofa." Ni abin ya yi mini daɗi, don yanzu yana tsayawa a ƙofarmu, ina ganinsa kusa. Amma hayaƙi bai ragu ba. Wasan da ya buɗe mata baki shi ne kuma ya toshe masa kunne. Duk ranar da ta ce tabarsa na kashe ta, sai ya ɗauka sabon zagi ne ta ƙirƙiro, ya rama da nasa, a yi dariya. Ita kuma da ta ga ana dariya sai ta biye, ta koma ɗaki tana haki.

Ranar da abin ya faru, ruwan farkon damina ne ya sauko da azahar, gab da jarrabawar 'yan lakwal. Kowa ya shige ɗaki ya rufe ƙofa da taga. Mushe na ciki yana duba aikin ɗalibansa, yana kunna wata tabar da wutar wata. Hayaƙin ya rasa hanyar fita sai ɗakinmu. Mahaifiyata ta fara tari, tarin ya koma shaƙa, ta kama ƙarfen gado, leɓɓanta suka canja launi. Na ƙwalla ihu.

Shi ya fara shigowa. Bai tambayi komai ba, ya durƙusa ya ce in ɗora masa ita a baya. Mobilet ba ta iya shiga wannan taɓo. Haka ya goya ta ya bi lungu da gudu, ruwa har idon sawu, ni ina biye ina riƙe da tabarma a kansu. Yana gudu yana cewa, "Ki riƙe ni, tsohuwa. Kar ki ba ni kunya, Bagobira ba ta mutuwa a bayan Bazabarme."

Majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya karɓe ta ya yi mata allura, ya ce mu jira a waje. Muka tsaya a baranda ni da Mushe, mu biyu kaɗai, a jiƙe sharkaf, ruwa na zuba. Irin wurin da littattafaina ke so ke nan. Sai na ga ya laluba aljihu, ya zaro taba ya sa a baki yana neman ashanar da ba ta jiƙe ba.

Maganar wata da taurarin nan duk ta gudu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Mushe, ita ce ta kawo mu nan. Tabarka. Inna ba wasa take ba. Ranar da ba ka nan lafiya take wuni. Ta ce in damina ta wuce za mu koma ƙauye, kuma can babu allura."

Ya cire tabar daga bakinsa ya dube ni, karo na farko da ya dube ni sosai.

"Tun yaushe?"

"Tun zuwanmu."

Ya juya tabar a yatsunsa. Can ya ce, "Wallahi na ɗauka wasa ne. Kakata takan ce mana, ku zagi Bagobiri yadda kuke so, amma wanda ya cuce shi ba zai ga daidai ba." Ya mai da tabar cikin kwali.

Ba zan ce ya daina sha ba, don bai daina ba. Amma bai ƙara kunna ta a ƙarƙashin rufin nan ba. Akwai wata bishiyar bedi a ƙofar gida, can ya mai da wurin shansa, ko rana ko ruwa. Shi da kansa ya je ya sami mai gida ya ce a sa dokar a kan kowa. Mai gida, da ya ji daga bakin ma'aikacin gwamnati abin ya fito, sai ga shi tsakar gida yana shela da ƙarfi kamar shi ya yi tunanin. Wani tela da ke ɗakin ƙarshe ya yi ta gunaguni, ya ce yau ga mulkin Bagobira. Sunan ya bi dokar. Damina ta wuce ba mu koma ƙauye ba.

Soyayyata kuwa, ga yadda ta ƙare. Bayan hutu Mushe ya tsaya a ƙofarmu ya ce, "Ƙanwata, ina son tabarma mai kyau, irin ta amarya." An yi masa aure a garinsu, an kuma mai da shi aiki Keita. Na saƙa tabarmar ina sharar hawaye, mahaifiyata na kallona ta gefen ido tana murmushi. Har yau ban ƙara saƙa mai kyanta ba.

Yanzu a gidan bene nake zaune a birni. An liƙa sanarwar hana shan taba a matakala, kuma na san hakan ya fi. Amma ban san ko maƙwabcina ɗan wane gari ne ba, balle in zage shi ya aiko mini da goro. Nakan yi kewar gidan nan da ake jin numfashin juna. Abin da na riƙe daga ciki shi ne, wasa na iya kai ka har ƙofar mutum, amma maganar da rai ke cikinta sai an tsaya an faɗe ta ba dariya.

Mahaifiyata ma ta riƙe wannan. Ranar da sabon ɗan haya ya shigo ɗakin Mushe, tun bai sauke kayansa ba ta tare shi ta tambaye shi mutumin ina ne. Ya ce Bagobiri ne.

Ta ce, "Kash, namu na, ba ni da bakin zaginka. To zauna, ɗana, in gaya maka wata magana. Kuma ka dubi huskata da kyau, ba dariya nika ba."